Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mutum a Gaban Kayan Adon Manyan Kantuna

Washegarin ƙaramar Sallah 'yar yayata ta miƙo min wayarta, ranta a ɓace. "Kawu, don Allah dubi abin da ƙawata ta yi min." A wani babban kanti aka ɗauki hoton, inda aka kafa jinjirin wata na ƙarfe mai tsayin bene guda, an nannaɗe shi da ƙananan fitilu. Watan kam ya fito tas. Ita kuwa tana can ƙasa kamar an manta da ita, fuskar ta dushe, ƙahon watan ya tsiro daga ɗaurin ɗankwalinta, ga wani bawan Allah da ledar sayayya a bayan kafaɗarta. Leshin da aka yi wata biyu ana jiran tela a kansa ko launinsa ba a ganewa.

Wayar ba ta da laifi. Da ita muka koma bayan kwana uku muka ɗauki hoton da har yau shi ne a fuskar wayar tata. Abin da muka sauya kawai shi ne inda ta tsaya, da inda na tsaya, da inda haske yake fitowa.

Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a Kano a 2014, da Jabi Lake Mall a Abuja a 2015, zuwa babban kanti don hoto ya zama wani ɓangare na yawon Sallah da na hotunan kafin aure. Masu zuwa Dubai sarin kaya da masu Umara da ke biyawa ta kantunan Jidda su ma ba sa dawowa hannu rabbana. Irin waɗannan wurare sukan ƙawata farfajiyarsu da abin kallo: fitilun azumi, laimomi masu launi da aka rataya a sama, bangon furanni, madubai, manyan haruffa masu haske, ruwa mai zubowa. An yi su ne don su ja ido, kuma nan gizo ke saƙar, don idan ba ka yi dabara ba sai su janye idon daga kan mutumin da ka zo ɗauka.

Mataki na farko: zagaya wurin tukuna

Wayarka na aljihu, ka zagaya abin adon sau ɗaya. Idan akwai bene, ka hau ka leƙo shi daga sama. Kana neman abu uku: gefen da ya fi kyau, gefen da bayansa babu tarkace, da gefen da mutane ba sa yawan ratsawa. Kusan kowane ado yana da fuska da ƙeya. A ƙeyar ne za ka ga wayoyin lantarki, ƙarfen tokare da kwandon shara. Ka duba kuma abin da ke can nesa: allon rangwame ja jawur ko sunan wani shago da manyan haruffa zai shigo hoton ya zauna daram, kowa sai ya karanta shi kafin ya dubi fuskar mai hoton.

Lokaci ma yana da nasa. Yammacin ranar Sallah ko daren Asabar, hoton mutum ɗaya sai ya zama na mutum ashirin. Safiyar Litinin zuwa Alhamis, jim kaɗan bayan an buɗe, tayil yana sheƙi, wurin fayau, shi ne lokacin mai son aiki mai kyau.

Sai maganar izini. Da waya galibi babu mai tanka maka. Da zarar ka fito da babbar kyamara, ko ka kafa mata ƙafafu, ko aka ga amarya da ango da mai kwalliya a baya, to masu gadi za su iso, don wurare da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aikin kuɗi da ke buƙatar amincewar ofis. An taɓa tsayar da ni a tsakiyar aiki a wani kanti, ango na gumi cikin babbar riga, muka ɓata kusan awa guda ana kai-komo. Tun daga ranar nake fara zuwa wurin mai gadi: "Baba, barka da aiki. Hoto za mu ɗan ɗauka a nan, ko akwai wanda ya kamata mu gani?" Da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa shi ne ma zai gaya maka ƙarfe nawa ake kunna fitilun adon.

Mataki na biyu: wane ne mai hoton?

Taura biyu ba ta taunuwa. Kafin ka ɗaga waya ka yanke shawara: hoton mutum ne da ado a bayansa, ko hoton ado ne da mutum a ciki don a ga girmansa? Dukansu suna da kyau, amma tsayuwarsu daban. A na farko mutum zai cika akalla rabin tsayin hoton, kuma ba dole ne adon ya fito duka ba, yanki ma ya isa. A na biyu mutum zai zama ƙarami da gangan, sai a nema masa fili fayau inda siffarsa za ta fito sarai. Mafi yawan hotunan da ke lalacewa na tsakiya ne, waɗanda mai ɗauka ya so ya haɗa duka, ya tashi babu ko ɗaya.

Mataki na uku: nemo wa fuska haske

Hasken babban kanti na kaya ne, ba na fuska ba. Fitilun suna sama suna haskowa ƙasa tsaye, shi ya sa idanu ke faɗawa cikin rami, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, goshi ya yi ƙyalli. Mai hula ko mai gyale da ya rufo goshi abin ya fi yi masa yawa. Ga gwajin da nake yi: in miƙa tafin hannuna a gabana, in juya a hankali ina kallon yadda haske ke sauka a kansa. Inda tafin ya yi haske sumul babu inuwa mai kaifi, nan fuska za ta kalla.

Wuraren da suka fi ba da irin wannan haske su ne bakin babbar ƙofar gilashi da rana, ƙarƙashin rufin da ke shigo da hasken sama amma a ɗan gefe, da gaban shagon da tagarsa ke da farin haske mai faɗi. Babban allon talla mai farin haske ma fitila ce ta kyauta. Ka sa mutumin ya fuskance shi daga taku biyu ko uku, adon yana bayansa. Idan fitila na saman kansa daidai, taku ɗaya baya ya isa ya sa hasken ya sauko ta gaban fuska maimakon tsakar ka.

Matsalar 'yar yayata daga nan ta taso. Adon da ke da fitilu ya fi fuskarta haske nesa ba kusa ba, wayar kuma ta auna hasken da watan, ta bar fuskar a duhu. Fatarmu ta fi shan wannan wahala, musamman idan an sa farar shadda, don wayar tana ganin fari da yawa sai ta ƙara rage haske. Maganinsa: ka taɓa fuskar a allon wayar, ka danne yatsa har ta kulle a wurin, sannan ka ja alamar ranar nan sama ko ƙasa kaɗan kaɗan. Ka tsaya a inda fuskar ta fito amma aikin wuyan rigar bai narke ya zama fari fat ba. Idan abin ya ƙi daidaituwa, to ba wayar za ka ci gaba da lallashi ba, mutumin za ka matsar zuwa haske.

Wata dabara da ba ta cin ko sisi: idan a cikin 'yan rakiya akwai mai farin mayafi ko farar riga, ya tsaya kusa, wajen hoton, ta gefen da fuskar ta yi duhu. Farin yadi yana mayar da haske, kuma za ka ga bambancin da idonka.

Fitilar wayar kuwa ka kashe ta. Ba ta kai ko'ina, iyakarta ta fito da maiƙon goshi ta sa shadda mai ƙyalli ta yi walƙiya. Ka kuma kula da launin hasken. Ado mai fitila shuɗiya ko kore idan ya haska fuska kai tsaye sai mutum ya zama kamar mai jinya. Launin ya tsaya a baya da gefen kafaɗa, fuskar ta samu fari ko ruwan ɗorawa mai laushi.

Af, ka goge idon kyamarar da gefen riga. Wayar da ta kwana a aljihu, ta sha man shafawa da ƙurar hunturu, ita ke sa kowace fitila ta yi dogon wutsiya a hoto.

Mataki na huɗu: raba mutum da adon

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne sauya hoto, kuma shi ne wanda mutane suka fi ƙi. Kowa da ya ga abin ado sai ya je ya manne da shi kamar za a ƙwace. To idan abin yana da tsayin mita shida, kai kuma kana so ya fito duka, dole ka ja baya sosai, mutumin da ke jikinsa ya koma ɗan tsurut.

Ka yi akasin haka. Ka ja baya har adon ya zauna yadda kake so a allon. Kada ka ƙara motsawa. Sannan ka kira mutumin ya tako zuwa gare ka har ya cika wurin da ka tanadar masa. Lissafin mai sauƙi ne: abu yana ƙanƙancewa a hoto gwargwadon nisansa. Ado mai tsayin mita shida da ke nisan mita 12 daga gare ka, da mutum mai matsakaicin tsayi da ke nisan mita 4, za su fito kusan girma ɗaya a hoton. Mutumin ya samu girma, adon bai rasa komai ba, ga shi tazarar ta sa bayan ya ɗan yi laushi.

Sai zaɓin ido. Babban idon mafi yawan wayoyi, wanda aka rubuta wa 1x, mai faɗi ne, kusan milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin kyamara. Idan ka matso da shi kusa da fuska sai hanci ya ƙara girma, kunnuwa su ja baya. Na 0.5x ya fi muni, yana miƙe duk abin da ke gefe, wanda ya faɗa can sai ya yi faɗi kamar an danne shi. Ga hoton daga ƙugu zuwa sama ka danna 2x ko 3x ka ja baya. Fuskar za ta koma kamanninta, adon kuma zai matso ya cika bayan, shagunan gefe su fice. Amma ka tsaya a kan lambobin da wayar ta rubuta. Jan allo da yatsu biyu har 6x ko 8x a cikin gini yakan ba da hoto mai dusa-dusa.

Tsarin nan na Portrait mai dusar da baya ina taka-tsantsan da shi a irin wannan wuri. Na farko, ka zo ne don adon, in ka narkar da shi gaba ɗaya me ya rage? Na biyu, wayar takan rikice a gefen ɗaurin ɗankwali, bakin gyale mai raga da tsakanin yatsu, ta gutsure wani wuri ta bar wani. Idan za ka yi amfani da shi, ka rage ƙarfinsa, kuma ka ɗauki wani babu shi.

Mataki na biyar: shirya abin da ke cikin allon

Ka kunna layukan ragar nan a saitin kyamara, biyu a tsaye biyu a kwance. Amfaninsu na farko a gini shi ne miƙe hoto: ginshiƙi ya tsaya daidai da layi, kada kantin ya fito kamar zai kife. Na biyu, idanun mutum su zauna kusa da layin sama. Ga ado mai gefe ɗaya, irin jinjirin wata, ka sa mutum a layin hagu ko dama, lanƙwasar ta rungumo shi. Ga ado mai ɓari biyu iri ɗaya, kamar fukafukan da ake zanawa a bango ko ƙofa mai baka, tsakiya cif ita ce wurinsa, kuma kai ma ka tsaya a tsakiya cif, in ba haka ba fiffike ɗaya zai fito daga wuya.

Kafin ka danna, ka bar kallon fuskar, ka dubi bayan kai. Sanda, ƙaho, igiya, reshen fure, duk abin da ya taɓa hula ko ɗankwali daga baya zai zama kamar a kan ya tsiro. Rabin taku hagu ko dama yana raba su. Sannan ka bi kusurwa huɗu da ido.

Wurin yanka ma abin lura ne. Kada gefen hoton ya faɗa daidai gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu ko wuyan hannu. Ko ka yanke a tsakiyar cinya, ko ka bar takalmin ya fito duka da ɗan fili a ƙasa. Ga cikakken tsayi ka sauke wayar zuwa daidai cibiyarka, a miƙe, kada ka karkata ta. Wanda ya ɗauka daga daidai idonsa yana duban ƙasa, shi ke ba mutane babban kai da gajerun ƙafafu.

Masu wucewa kuwa haƙuri ne maganinsu. Ka shirya komai, ka riƙe wayar, ka jira giɓi. Kuma ka tuna matar wani ko 'yar wani da ta faɗo bayan hotonka ba ta ce a sa ta a intanet ba. In ta fito sarai, ka yanke ko ka sake.

Mataki na shida: tsayuwa

Yawancinmu da an ce hoto sai mu ƙame kamar na katin zaɓe. Kada ka ce wa mutum "saki jikinka", ba ya jin komai sai ƙarin ƙamewa. Ka ba shi aiki ƙarami, ɗaya bayan ɗaya. "Hajiya, ɗan juyo kafaɗar nan wajena. Yauwa. Nauyinki a ƙafar baya. Ɗan miƙo haɓa gaba, sauke ta kaɗan." Juya jiki kaɗan daga fuskantar kyamara, da mayar da nauyi ƙafar baya, su kaɗai suna cire rabin ƙamewar.

Hannu shi ne babbar matsala, a ba shi abin yi. Mace ta riƙe bakin mayafi, ko jaka a gaba da hannu biyu, ko ta taɓa ɗan kunne, lallen ma ya samu fitowa. Gwiwar hannu ta ɗan rabu da jiki don a ga siffa. Mai abaya ko doguwar riga ta yi taku biyu a hankali zuwa gare ka, kai kuma kana ta ɗauka, yadin zai yi motsi mai kyau. Mai babbar riga ya tattare hannayen rigar a kafaɗa yadda aka saba, aikin gaban ya miƙe, sannan ya tsaya da faɗinsa, don babbar riga ba ta son a karkace sosai. Mai kaftani ya sa babban yatsa ko rabin hannu a aljihu, ko ya yi kamar yana gyara agogo. A ciro waya da makulli daga aljihun gaba, suna kumbura riga. Hular kuma a ɗan tura ta baya kaɗan idan tana jefa inuwa a ido.

Abin da ke sa hoto ya zama na wurin, ba kamar an liƙa mutum a kai ba, shi ne ya yi hulɗa da adon. Idan laimomi ne a sama, ya ɗaga kai ya dube su, hasken ma sai ya cika fuskar. Idan baka ce, ya ratso ta cikinta. Idan layin adon ya lanƙwasa dama, jiki ya ɗan bi shi. Amma hulɗa ba ta nufin hawa ko jingina ba. Yawancin waɗannan abubuwa kwali ne da soso da fenti, kuma igiyar da aka kewaye su da ita ba ado ba ce. Yara musamman a riƙe su.

Launin kaya ma a duba. Atamfa mai yawan zane a gaban bangon furanni, ido ba ya sanin inda zai sauka. Mai irin wannan shiga a nema mata gefen da ya fi zama fili. Mai shadda launi ɗaya shi ne zai iya shiga tsakiyar hayaniyar ya fito.

Wasu ado masu halin kansu

Ruwa mai zubowa na Dubai Mall, kantin da aka buɗe a 2008, misali ne mai kyau. Tsayinsa ya ratsa hawa huɗu na ginin, an jera siffofin masu nutso a jikinsa, kawunansu ƙasa. Kowa yakan tsaya a gindinsa ya ɗaga waya sama, sai a samu hoton ƙasan haɓa da ramin hanci. Ka hau hawa na biyu ko na uku, mutumin ya tsaya a bakin shingen gilashi, ka danna 2x, ruwan ya zama labule a bayansa. Wanda kuma ba ya son siffar mutum-mutumi a hotonsa, akwai isasshen fili tsakaninsu da za a iya cika bayan da ruwa zalla.

Madubi da ƙarfe mai sheƙi suna nuna mai ɗauka. Ka koma gefe, ka ɗauka a karkace, sai ka samu mutumin da inuwarsa, kai ba ka ciki. Akwatin kifi na gilashi ma haka, ka matso da wayar dab da gilashin ko ka nemi kusurwar da fitilun shaguna ba sa dawowa.

Manyan allunan haske da wasu fitilun zamani suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, amma kyamara tana gani, sai baƙaƙen layuka su ratsa hoton. Yawanci abin yana bin bugun lantarkin ƙasar ne, 50 a daƙiƙa a Najeriya, Nijar da Dubai, 60 a Saudiyya. Idan wayarka tana da sashen Pro, ka sa saurin ƙiftawarta, wato tsawon lokacin da idon kyamarar ke buɗe, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, a Saudiyya kuma 1/60. A irin wannan sauri dole hannu ya natsu: ka manna gwiwoyin hannunka a haƙarƙari, mutumin ma ya tsaya cak.

Mataki na ƙarshe: duba kafin ku bar wurin

Ka ɗauki da yawa, goma ko fiye a kowace tsayuwa, don ƙiftawar ido da mai wucewa. Sannan ka buɗe, ka faɗaɗa kan idanu ka ga ko sun fito da kaifi. Ka ɗauki na tsaye mai ɗan fili sama da ƙasa saboda sitatus dogo ne, Instagram kuma yakan yanke. Wajen gyara, ka ɗan ɗaga inuwa, ka rage wuraren da suka yi fari da yawa, ka miƙe layi, ka tsaya nan. Tacen da ke mayar da baƙar fata fara yana kashe launin adon ma tare.

Idan za ka tura wa mai hoton ta WhatsApp, ka danna HD ko ka aika shi a matsayin fayil. In ba haka ba manhajar za ta matse shi, aikin wuyan rigar da kuka sha wahala a kansa ya koma dusa kafin ya isa wayarsa.